Fatawa a kan ƙirƙirarriyar basira: shin na'ura tana da hankali, kuma tana iya ƙirƙira?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi. Gardama ce ta haɗa ni da kawuna a kan manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da muke amfani da ita a waya. Ranar walimar saukar karatun ƙanena na sa ta tsara mini baitocin yabon Manzon Allah (SAW), na gyara kaɗan, na karanta a gaban jama'a, aka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ban faɗa wa kowa inda na samo su ba. Da kawu ya ji labari sai ya ce jingina basira ga ƙarfe gasa ce da halittar Allah, har yana tsoron kada abin ya kai ga shirka. Wani abokina kuma yana cewa na'urar ta fi malamai sani, nan gaba ita za a riƙa tambaya fatawa. Malam, shin da gaske tana da hankali? Abin da take fitarwa ƙirƙira ce? Kuma mene ne hukuncin abin da na aikata?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, saboda haka ba zan ce halal ko haram ba sai mun fara sanin abin da ke cikin wayar taka. Sunan da ake kiran wannan fanni da shi ya fito ne a 1955, a takardar neman shirya wani taron masana da aka yi a 1956 a kwalejin Dartmouth ta Amurka, kuma John McCarthy ne ya raɗa shi. Tun daga lokacin ake ta aiki, har a 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya na wasan ces, Garry Kasparov, sannan a ƙarshen 2022 aka saki ChatGPT, wanda ya kawo abin cikin aljihun kowa, har da ɗan kabu-kabu da mai awon hatsi a babbar kasuwa. Irin wannan manhaja ana gina ta ne ta hanyar tara rubuce-rubucen mutane masu yawan da ba wanda zai iya karance su ko da an ba shi rayuwa dubu, a sa na'ura ta yi ta gwada cankar kalmar da za ta biyo baya a cikin jimla, duk lokacin da ta kuskure a ɗan gyara wasu lambobi a cikinta, lambobin da yawansu ya kai biliyoyi, har ta ƙware. Daga nan sai a sa mutane su riƙa duba amsoshinta suna nuna wadda ta fi kyau, a ƙara daidaita ta a kan haka. Ba aljani a ciki, ba tsafi. Lissafi ne, kuma kalmar da Turawa suke kiran tsarin matakan lissafi da ita ma, wato algorithm, daga sunan malaminmu Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi aka samo ta, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

To, wannan abu yana da hankali? A nan Hausa da kanta ta taimake mu, domin Bahaushe bai taɓa haɗa wayo da basira da hankali a kwando ɗaya ba. Muna cewa wane yana da kaifin basira amma ba shi da hankali, kuma kowa ya gane abin da muke nufi: yana saurin ɗaukar karatu, amma bai san abin da ya kamata ba. Idan uwa ta ce ɗanta ya yi hankali, ba tana nufin ya iya lissafi ba ne, tana nufin ya fara jin kunya, ya san babba, ana iya aikensa da kuɗi ya dawo da canji. Kalmar aƙalu ta Larabci tushenta ɗaya da iƙalu, igiyar da ake ɗaure raƙumi da ita, wato hankali abu ne da yake riƙe mai shi daga abin da ransa yake ja zuwa gare shi. Imamu Gazali ya kasa ma'anar aƙalu gida huɗu: baiwar da aka halicci mutum da ita wadda ta bambanta shi da dabba, da sanin abubuwan da ba sa bukatar hujja kamar cewa biyu ta fi ɗaya, da ilimin da ake samu ta gogewa da al'amura, sannan na ƙarshe, wanda shi ne amfanin sauran, mutum ya hango ƙarshen al'amari har ya danne sha'awarsa ta yanzu saboda shi.

Idan muka auna na'ura da wannan ma'auni, adalci ya wajaba a kanmu, kuma ba na tare da masu cewa aku ce kawai mai maimaita abin da ta ji. Aku ba ta warware matsalar da ba a taɓa gaya mata ba, ita kuwa wannan tana yi. A 2024 an ba Demis Hassabis da John Jumper rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda manhajar AlphaFold, wadda take hasashen siffar sinadaran furotin na jikin halittu, aikin da a da yake cin masana watanni ko shekaru kafin su gano siffa guda. Wanda ya musanta cewa akwai ƙwarewa ta gaske a nan ya musanta abin da ido yake gani, kuma addini ba ya bukatar a kare shi da musun gaskiya. Sai dai ƙwarewar tana kama ne da ma'ana ta biyu da ta uku ta fuskar abin da yake fitowa waje. Ma'ana ta huɗu kuwa babu wurin zamanta a cikin na'ura, domin ba ta jin yunwa balle ta yi azumi, ba ta tsoron mutuwa balle ta yi tanadin kabari, ba ta da abin da za ta rasa idan ta yi ƙarya. Hankalin da shari'a ta rataya hukunci a kansa shi ne wannan, shi ya sa hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Na'ura ba a ɗauke alƙalami daga kanta ba, tun asali ba a ɗora mata shi ba, kuma ba ta cikin masu ɗaukar amanar da Allah ya ambata a ƙarshen Suratul Ahzab, wadda sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka.

Akwai wata hujja mai ƙarfi da abokinka zai iya kawowa, kuma gara in kawo ta da kaina. A 1950 masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya ba da shawarar a gwada na'ura ta hanyar sa mutum ya yi musayar rubutu da wasu biyu da ba ya gani, ɗaya mutum ɗaya na'ura, idan ya kasa bambanta su to ba sauran dalilin hana na'urar sunan mai tunani. Mai gardama zai ce, ai ku ma malaman fiƙihu da zahiri kuke hukunci, Allah ne yake jiɓintar abin da ke ɓoye, me ya sa za ku sauya ma'auni idan aka zo kan na'ura? Amsa ita ce zahiri yana zama hujja ne a inda ba a san yadda aka samar da shi ba. Maƙwabcina idan ya yi kuka na yarda yana jin zafi, domin jikinsa irin nawa ne, asalinsa irin nawa ne. Ita kuwa na'ura masu ƙera ta da kansu sun bayyana cewa an horar da ita ne musamman don maganarta ta yi kama da ta mutane, kuma kamannin da aka nufa da gangan ba ya zama shaidar haƙiƙa. Ɗan canji a bakin kasuwa idan ya san akwai injin da aikinsa shi ne fitar da takarda mai kama da jaka goma, ba zai ƙara karɓar kama a matsayin hujja ba, sai ya ɗaga takardar ya duba abin da ke cikinta. Ba ina cewa masu wannan fasaha ƴan jabu ba ne, su ba su ɓoye yadda suke aiki ba. Ina nufin abin da magabata suka taƙaita da cewa kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi bayyana mini wannan bambanci shi ne makarantar allo. Yaro ɗan shekara 7 yana zaune a gaban wuta da asuba, sanyin hunturu yana kaɗa shi, yana rera wata sura bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba, muryarsa tana rawa, yana tuntuɓe a kan harufa. A gefe guda rediyon mai shayi yana fitar da karatun babban gwani, ba kuskure ko na wasali. Ta fuskar kyan abin da kunne yake ji rediyon ya fi yaron nesa ba kusa ba, amma yaron ake rubuta wa lada, domin shi ne ya tashi daga barci mai daɗi, shi ne ya nufi wani abu da karatunsa. Dukkan ayyuka suna tare da niyya, kamar yadda ya zo a hadisin Sayyidina Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito. A kan wannan asali ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yanke cewa kiran sallar da aka naɗa a kaset ba ya isarwa a madadin ladan, ko da muryar ta fi ta ladanin unguwa zaƙi, domin kiran salla ibada ce mai bukatar mai niyya.

Sai maganar ƙirƙira, wadda nake ganin a nan ne kai da kawunka kuka fi saɓawa, kuma kowannenku yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Samar da abu daga babu na Allah ne shi kaɗai, shi ne Badi'us samawati wal ard, wanda ya ƙagi sammai da ƙasa ba tare da wani samfuri da ya gabata ba. A wannan ma'ana na'ura ba ta ƙirƙira, kuma mutum ma ba ya yi. Amma Alƙur'ani ya yi amfani da kalmar halitta da wata ma'ana ta biyu, wato tsarawa da siffantawa daga abin da yake akwai, kamar yadda Annabi Isa (AS) ya ce yana siffanta musu daga laka kamar surar tsuntsu, ya hura a cikinta ta zama tsuntsu da izinin Allah. Saboda haka masu cewa na'ura ba ta ƙirƙira don kawai tana harhaɗa abin da ta koya, hujjarsu ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin haka kowane mai sana'a yake yi. Badukun da yake aikin fatar jar akuyar Maraɗi bai halicci akuyar ba, bai ƙagi jima ba, zanen da yake yi a kan jaka a hannun mahaifinsa ya gan shi, sai dai wata rana ya karkata wuƙarsa ta wata fuska da ba a saba ba, a ce wane ya fito da sabon abu. Na'ura ma tana iya fitowa da abin da ba a saba ba. A 2016, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, manhajar AlphaGo ta kara da gwani Lee Sedol a wasan Go, wani wasan jera ƴaƴa a kan allo da ya ɗan yi kama da dararmu, ta ci wasa 4 cikin 5, kuma a wasa na biyu ta yi wani ɗauki, na 37, wanda masana da yawa suka fara ɗauka kuskure ne kafin su gane hikimarsa.

Don haka idan ana nufin sabon tsari da ba a taɓa gani ba, na'ura tana iya kawo shi, kuma ba laifi a faɗi haka. Abin da ba ta da shi shi ne dalilin da ya sa mutum yake ƙirƙira. Mai begen Manzon Allah (SAW) yana tsara baiti ne saboda wani abu yana cin zuciyarsa, yana so ya ga Madina bai samu guzuri ba, sai shauƙin ya fito ta bakinsa. Baitin da na'ura ta tsara yana iya zama daidai a ma'ana, amsa-amonsa ya zauna, amma ba wanda ya yi begen. Kai da ka karanta, idan zuciyarka ta motsa, to begen naka ne kuma ladarsa taka ce in Allah ya so, kamar yadda mutum yake karanta waƙar wani malami ya yi kuka da ita.

Game da tsoron da kawunka ya yi, Allah ya saka masa da alheri a kan kishin tauhidi, amma abin bai kai inda ya kai shi ba. Kiran wannan fasaha da sunan basira aron kalma ne, irin wanda muke yi kullum idan muka ce mota ta mutu ko agogo yana tafiya, ba wanda yake ƙudurta cewa motar tana da rai. Asalin abubuwan amfani na duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma ƙera na'ura mai lissafi ba ya cikin gasa da halittar Allah da hadisai suka yi gargaɗi a kanta, domin Musulmi sun daɗe suna wannan aiki, har masanin ƙere-ƙere Aljazari ya kammala littafinsa a kan na'urori masu motsi da kansu a 1206, a ƙasar Diyarbakir da ke cikin Turkiyya ta yau. Inda maganar kawu za ta zama gaskiya shi ne idan mutum ya ƙudurta cewa na'urar ta san gaibu, ko ya tambaye ta abin da zai same shi gobe yana gaskatawa kamar yadda ake zuwa wurin boka, ko ya yarda cewa masu ƙera ta sun hura mata rai. Allah ya ce ruhi yana daga al'amarin Ubangijina, kuma ya ce waɗanda ake kira koma bayansa ba za su halicci ƙuda ba ko da sun taru a kansa. Allah mai iko ne ya sa sandararren abu ya ji ko ya yi magana, kamar kututturen dabinon da ya yi kuka a masallacin Madina lokacin da Annabi (SAW) ya koma kan mumbari, amma wannan aikin Allah ne da ya tabbata da ruwaya ingantacciya, ba abin da ake jingina wa wata na'ura don ta iya jera magana ba.

Maganar abokinka kuwa ita ce ta fi damuna, domin na ga illarta da idona. Wani almajirina ya zo zaure bayan la'asar da wayarsa, muka gwada ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji da tambayoyin sujadar ƙabli da ba'adi. Ta amsa na farko daidai da abin da ke cikin littattafanmu na Malikiyya, har na yi mamakin tsabtar bayanin. Da muka shiga wata mas'ala ta gado sai ta kawo wani lafazi ta ce hadisi ne, ta jingina shi ga wani babban littafi har da lamba. Muka sauko da littafin daga kanta, muka buɗe babin, muka bi shi har ƙarshe, ba mu same shi ba. Da yaron ya rubuta mata cewa babu, nan take ta ba da haƙuri ta kawo wata lambar, da irin natsuwar da ta kawo ta farko, ita ma babu. Masu wannan fasaha sun san da wannan aibi kuma suna gargaɗi a kansa, kuma ya fi yawa a harsuna irin Hausa da rubutunsu bai yawaita a intanet ba. Malamin kirki idan bai sani ba yana jin nauyin tsayuwa gaban Allah ya ce ban sani ba, kuma an san Imamu Malik da yawan faɗin haka. Muhammad ɗan Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku, kamar yadda Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa. Sharaɗin mai ruwaya da mai fatawa shi ne ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, wanda za a iya tuhuma idan ya yi ƙarya, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya tabbata ga na'ura. Saboda haka bai halatta a ɗauki fatawa daga gare ta a yi aiki da ita ba, musamman a saki da gado da jini da dukiyar mutane, kuma bai halatta a yaɗa hadisin da ta kawo ba sai an gan shi a littafinsa. Ya halatta ɗalibi ya yi amfani da ita wajen neman inda mas'ala take, ko fassara, ko tsara rubutu, ko karatunsa na jami'a gwargwadon abin da dokar makarantar ta yarda, da sharaɗin ya tantance, kuma duk kuskuren da ya fita ta hannunsa shi za a tambaya. Wanda kuma ya sa ta kwaikwayi muryar wani malami ko fuskar wata baiwar Allah ya jingina musu abin da ba su faɗa ba ko ba su aikata ba, ya yi ƙarya da ƙazafi, zunubin yana wuyansa cikakke.

Saura abin da ya faru a walima. Sa na'ura ta taimaka wajen tsara yabon Annabi (SAW) ba haramun ba ne, matuƙar an duba baitocin an tabbatar babu wuce iyaka ko ƙarya a cikinsu, kuma karanta su a gaban jama'a ba laifi. Inda matsala take shi ne shirun da ka yi lokacin da mutane suke sa maka albarka a kan cewa kai ka tsara. Annabi (SAW) ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. Idan jama'a sun ɗauka karantawa kawai ka yi, kamar yadda ake karanta waƙoƙin magabata a irin wannan taro, babu komai a kanka. Idan kuwa ka san sun ɗauka naka ne, ka ji daɗin hakan ka ƙyale su, to ka nemi gafarar Allah, kuma ba a bukatar ka tara mutane ka yi shela, ya isa ka faɗi gaskiya ga duk wanda ya sake yabonka a kansu ko ya nemi ka rubuta masa irinsu. Ka je ka gaida kawunka, ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi ba da nufin ka kayar da shi ba, ka kuma nuna masa baitocin ya duba maka su, domin mai yiwuwa ya ga abin da ni da kai ba mu gani ba.

Allah ne mafi sani.